Takalmin Roba a Filin Katafiloli

In ka bar Na'ibawa a baya ka miƙi hanyar Zariya, kafin gari ya ƙare za ka fara ganin filaye a gefen titi inda ake ajiye manyan injinan aiki na haya. Wanda na shiga ba shi da allon suna, ba shi da ƙyaure. Katangar bulo ce ba filasta, sai wata tsohuwar kwantena da aka yanke wa taga aka mai da ita ofis da sito a lokaci guda. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, ta sha baƙin mai da giris har ruwan sama ba ya ratsa ta. Katafiloli na jere a bakin katanga, masu tura ƙasa da masu haƙa, waɗannan sun kifa bokitansu a ƙasa. Ga gireda an cire mata tayoyin gaba an ɗora ta a kan kututture, ga rola can a ƙurya akuya na kwance a inuwarta. Galibinsu na hannu ne. Fentin ruwan ɗorawa ya koɗe, amma a jikin wasu har yanzu ana iya karanta sunan kamfanin Turai ko na Japan da ya fara morarsu kafin a sa su a jirgin ruwa zuwa Legas. Caterpillar 320 da Komatsu PC200 suka fi yawa a cikin masu haƙar, sai Hitachi, sai wata SANY 'yar China wadda ita kaɗai ce ledar kujerarta ba ta gama yagewa ba.

Baƙo da shigarsa sama yake ɗaga kai, ga dogon hannun injin da ɗakin direba. Masu wurin kuwa duk a durƙushe suke, don kuɗinsu a ƙasa yake tafiya. Kamfanin Caterpillar da kansa ya sha gaya wa masu sayen injinansa cewa ƙafafun katafila za su iya cinye kusan rabin abin da ake kashewa a gyara. In ka durƙusa tare da su za ka ga dalili. A baya akwai wili mai haƙora, shi ke jan sarƙa. A gaba akwai wani wilin sulɓi wanda ke ɗame ta, kuma da giris ake turo shi: a buga giris sarƙa ta ɗame, a saki giris ta yi sako-sako. A tsakani ƙananan rololi ne jere a ƙasa suna ɗauke da nauyin injin, da wasu biyu a sama suna tallafe sarƙar kada ta rankwafa. Duk waɗannan ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma yashi na shiga tsakaninsu yana ci kullum. Babban bakaniken wurin, dattijo mai furfura a gemu da yaran ke kira Oga, bai ɗauko ma'auni ba da na tambaye shi yadda ake gane sarƙa ta yi daidai. Yatsunsa ya zura a inda ta ɗan lanƙwasa tsakanin wilin gaba da rolar sama, ya gyaɗa kai.

A kan sarƙar ake ɗaura takalma, wato faifan ƙarfen nan da ke taka ƙasa, kowanne da kusoshi huɗu. A injin haƙa mai nauyin tan 20 ko ɗan fiye, faɗin takalmin da aka saba gani santimita 60 ne, kuma kowane gefe yana ɗaukar tsakanin 45 zuwa 49. Kowane takalmi yana da haƙora uku a kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Na katafilar tura ƙasa kuwa haƙori ɗaya ne, dogo, don ya nutse ya cije ƙasa lokacin da take tunkuɗa tarin burji. Waɗannan haƙoran su ne ƙarfin injin a daji, su ne kuma masifarsa a cikin gari.

Tun asali don laka aka yi wannan ƙafa. Benjamin Holt, mai ƙera taraktoci a Stockton ta jihar Kalifoniya, ya gaji da ganin injinansa masu aiki da tururi suna nutsewa a ƙasar fadama mai taushi ta yankin, sai ya cire tayoyin baya ya sa sarƙoƙi da aka jera wa katako, ya gwada a watan Nuwamban 1904. A 1925 kamfaninsa ya haɗe da na C. L. Best aka sami Caterpillar. Dabarar ita ce baza nauyi, irin yadda tafin raƙumi ke shimfiɗuwa a kan rairayi inda kofaton jaki zai lume. Falkanaiza yakan buga wa tayar ƙaramar mota iska 30 ko 32 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin, abin da katafilar haƙa mai tan 20 ke danna wa ƙasa mai taushi bai wuce 7 ba, don duk faɗin takalmin ne ke takawa. Shi ya sa take wucewa inda tifa za ta kafe har gindi.

Matsalar tana farawa ne idan ta hau abu mai tauri. A kan kwalta ko kankare haƙoran ba sa nutsewa, saboda haka nauyin nan gaba ɗaya sai ya tattaru a kan bakinsu. Sannan katafila ba ta da sitiyarin da ke karkata taya. In za ta juya, gefe ɗaya ke tafiya ɗayan ya tsaya ko ya koma baya, ƙarfen ya murje abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙara da zafi: kwaltar da aka saba shimfiɗawa a titunanmu tana fara laushi da zarar zafinta ya kai wajen maki 50, alhali a watan Afrilu iskar Kano kanta takan taɓa 40, baƙin titi kuma ya fi iska ɗaukar rana nesa ba kusa ba. Duk wanda ke zaune a unguwar da aka taɓa haƙa magudanar ruwa ko ramin bututu ya san tabon: layuka biyu na zane-zane a jere, sai wani wuri zagayayye inda ta juya ta ɗaye fatar titin. Da rani ba wanda zai kula. Damina na sauka ruwa ya sami ƙofa, ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa burjin, manyan motoci su danna, kafin kaka rami ya buɗe. A kan intalok kuwa ba a jiran damina, nan take yake farfashewa.

Maganin, wato takalmin roba, yana cikin kwantenar nan, a bayan jarkokin man haidirolik, an jera shi har ƙugu ƙura ta rufe shi. Oga ya sa wani yaro ya jawo guda ɗaya ya diro shi a gabana. Tsawonsa daidai da faɗin takalmin ƙarfe, kaurinsa ya kai yatsu uku, baƙi ƙirin, kuma ya fi yadda ido ke zato nauyi domin akwai faifan ƙarfe a cikinsa. Na danna da farce, ko alama bai yi ba. Fuskar da ke taka ƙasa shafaffiya ce, gefunanta a daddaƙe don kada su kama bakin kwalbati su tsage. Bayansa kuwa an yi masa kwarmi-kwarmi daidai inda haƙoran nan uku za su shige su zauna, ga kusoshi sun leƙo. Warinsa na sabuwar taya ne ko da yake ya daɗe a ajiye.

Iri uku ake yi. Akwai wanda kusoshinsa ke ratsa hudojin da aka riga aka yi a jikin takalmin ƙarfe a ɗaure da noti ta baya, shi ne wanda na gani. Akwai mai maƙata, wanda ke kama takalmin ta gefe da gefe, ɗaya maƙatar a manne ɗayar a ɗaure ta da kusa. Wannan ya fi saurin sawa da cirewa, kuma shi ake nema idan takalmin ba shi da huda. Na uku ba ya hawa kan takalmin ƙarfe sam, cire na ƙarfen ake yi a ɗaura shi kai tsaye a kan sarƙa, don injin da aka san rayuwarsa duk a kan titi za ta ƙare.

Na ci sa'a ana sa wa wata Komatsu, don washegari za ta shiga wani gidan mai a cikin gari ta haƙa ramin sabon tanki, kuma mai gidan man ya kafa sharaɗi cewa ba za a taka masa kankare da ƙarfe ba. Direban ya juya saman injin ya fuskanci gefe, ya dafa bokiti a ƙasa ya danna, sai ƙafa ɗaya ta tashi sama gaba ɗayanta. Aka cusa kututture a ƙarƙashi. Yara biyu suka fara da kankare busasshiyar laka da tsinin ƙarfe da burushin waya, domin ko ƙaramar tsakuwa ta maƙale tsakanin roba da ƙarfe, takalmin ba zai zauna daram ba, zai riƙa rawa har ya sassauta noti. Sai a ɗora, a zura kusoshi, a kama noti da hannu, a bi da sifana mai dogon bututu, yaro ya hau kan bututun da nauyinsa. In an gama waɗanda hannu ke kaiwa, Oga ya ɗaga hannu, direba ya ɗan gangara sarƙar, wasu su taso. Takalmi 90 ne ko fiye a injin ɗaya, saboda haka aikin wuni ne, ana yi ana hutawa ana shan ruwan leda. Da aka sauke ta aka ja ta kan ɗan dakalin siminti da ke gaban ofis, ƙarar nan mai tsinka kunne ta ragu sosai, sai wani gurnani mai kauri. Ta juya ta bar baƙin shafi a simintin, irin wanda tsintsiya da ruwa ke fitarwa.

To amma wannan ba shi ne abin da aka saba ba. Abin da aka saba yana tare a bakin ƙofa: tsofaffin tayoyin mota sun fi ƙarfin ƙirga, da wasu katakai masu kauri daga 'Yan Katako duk sun tattaune. In katafila za ta sauka daga babbar motar ɗaukarta ta tsallaka titi, sai yara su jera mata tayoyi a gaba, tana takawa suna kwashe na baya da gudu suna kaiwa gaba. Mutum ɗaya na tsaye yana ihu, taho, taho, tsaya. Na ga an yi haka a bakin filin da wata Caterpillar ta dawo daga aiki. Dabarar tana aiki, ba na musu, kuma kusan kyauta ce. Sai dai wanda ya tsaya ya kalla zai ga hannun yaro ɗan shekara goma sha wani abu yana fizgo taya tazarar kamu ɗaya daga sarƙar da ke motsi, a gefen da direba ba ya iya hangowa daga kujerarsa. Kuma tayoyin na tsallaka titi ne kawai. In aikin a kan titin yake, ana haƙa ana matsawa gaba ana juyawa, ba yaron da zai iya bin ta da taya wuni guda. Nan sai a yi tawakkali, a bar kwalta da rabonta.

Mai filin, wani Alhaji mai fara'a da ke zaune a kan benci da wayoyi biyu a hannu, bai ɓoye mini lissafinsa ba. Ya ce shi haya yake bayarwa ta kwana, kuma ɗan kwangila ba ya ƙara masa ko kwabo don ya zo da roba. Saitin da kuɗin waje ake sayo shi, a ɗauko shi daga Legas, sannan yana cinyewa. Ga wunin da za a ɓata wajen sawa da wanda za a ɓata wajen cirewa, waɗanda duk kwanakin haya ne. Injin kansa ba ya ƙaruwa da komai a aljihun Alhaji. Wanda ke amfana shi ne titi, titi kuma ba ya zuwa neman diyya. Shi ya sa masu neman robar ba su da yawa, kuma duk masu daɓen kansu ne: gidan mai, masana'anta, rukunin gidajen da aka shimfiɗa wa intalok, mai otal. Waɗannan za su tsaya a kanka, in ka fasa ka biya. Titin unguwa kuwa kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ban ga laifin Alhaji a wannan lissafi ba, kowa a kasuwa haka zai yi. Inda nake ganin gyara shi ne a takardar kwangila. Hukumar da ta ba da aikin magudana ko na bututu a kan titi mai kwalta tana iya rubuta layi ɗaya, cewa duk injin sarƙar da zai taka titin sai da roba, ta sa kuɗin a cikin farashin aikin, injiniyan da ke duba aiki ya duba ƙafar injin kafin a sauke shi daga mota. Abu ne da ake gani da ido daga nesa, ba ya buƙatar awo. Da zarar 'yan kwangila sun san ba za a biya su ba sai da shi, masu haya za su saya, na cikin kwantena kuma zai daina shan ƙura. Yanzu dai baitulmali ɗaya ke biyan mai haƙa, ya dawo bayan damina biyu ya biya mai cike ramuka.

Oga, shi kuma, ba ya son a ɗauki robar a matsayin maganin komai, kuma yana da hujja a hannu. Ya nuna mini wasu da suka dawo daga aikin rushe gini: guntun rodi ya yanke ɗaya har ƙarfen ciki ya fito, wani kuma ɓarin kankare ya gutsure masa kunne. A wurin fasa dutse ko ramin tsakuwa kwana kaɗan za su yi. A gangara mai laka santsi suke yi, don an rufe haƙoran da ke cizo. Baƙin mai da dizal suna kumbura roba su lalata ta, rana kuma tana tsattsaga ta ko ba a yi aiki da ita ba, shi ya sa suke ɓoye su a inuwa. Katafilar tura ƙasa ba a ma maganar sa mata, aikinta cizo ne. Sannan halin direba yana da nasa rabo: mai son juyawa a wuri ɗaya da ƙarfi zai cinye saiti cikin ɗan lokaci, mai haƙuri da ke yin kwana da faɗi zai daɗe da nasa. Wuri ɗaya da ya yaba musu ba tare da sharaɗi ba shi ne hawa motar ɗauka, inda ƙarfe a kan ƙarfe ke zamewa, musamman da safe in raɓa ta sauka.

Akwai injinan da ba a raba su da irin wannan takalmi tun daga masana'anta. Injin shimfiɗa kwalta mai sarƙa da injin da ke kankare tsohuwar kwalta duk da shi suke zuwa, na roba ko na wani sinadarin leda mai tauri, sau da yawa ruwan ɗorawa, domin a kan titi suke wuni. Ƙananan injinan haƙa kuwa, irin waɗanda suka fara yawa a wuraren gini a Abuja, da yawansu ba su da sarƙar ƙarfe ma. Ɗamara ce ta roba zalla da aka saƙa wa wayoyin ƙarfe a ciki, fasahar da kamfanin Bridgestone na Japan ya fara yi wa injinan girbin shinkafa kafin ta koma kan injinan gini. Irin wannan ƙafa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa kamar yadda za a zata. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya ƙirƙiro ɗamara mai lanƙwasa tun yana kula da motocin Sarkin Rasha Nicholas II, daga baya kamfanin Citroën ya ɗauki dabarar. A watan Oktoban 1924 motoci takwas na Citroën, taya a gaba ɗamarar roba a baya, suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya suka keta Sahara, suka bi ta Yamai da Damagaram kafin su nufi Tafkin Chadi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ko guda ɗaya a cikin kwantenar da aka yi a nan. Itacen roba na tsirowa a Edo da Delta da Kuros Riba, har cibiyar binciken roba ake da ita a Iyanomo kusa da Benin. Amma Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, ɗanyen roba na fita, sarrafaffe na shigowa. Masu gyara sun gwada nasu. Oga ya ce sun taɓa yanka tayar tirela suka huda suka ɗaure a kan takalman wata tsohuwar injin da kusoshin Ƙofar Ruwa. Ta yi tafiya miƙe lafiya lau, juyawar farko robar ta yage daga kan kusoshin. Sirrin na kanti shi ne ba ɗaure robar ake yi a kan faifan ƙarfen ba, dafa ta ake yi a kansa cikin maƙera mai zafi da matsi, da farar wuta da baƙin garin gawayi na musamman, har su zama abu guda. Asalin wannan dahuwar tsohuwa ce, Charles Goodyear ya yi mata rajista tun 1844. Abin da ake buƙata shi ne injin matsi da maƙerar da ta dace da kowane girman takalmi, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakar dahuwa ba, da kuma masu saye da yawan da zai biya kuɗin maƙerar. Na ƙarshen nan shi ne babu.

Waɗanda suka cinye ba a zubar da su. Ana tara su a bayan kwantena har 'yan gwangwan su zo, su auna su biya kuɗin ƙarfen da ke ciki. Komatsun nan kuwa, Alhaji ya ce kwana kaɗan za ta yi a gidan man. Daga can wani aikin madatsar ruwa ke jiran ta a ƙauye, ƙasa ce da burji ba kwalta ko taku ɗaya, saboda haka ya riga ya gaya wa Oga ya tanadi yara da sifana, tana dawowa a kwance robar a mayar sito.